Rabin Buhun Jan Iri

Ni malamin gona ne, ko dai in ce na taɓa zama. Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ina cikin waɗanda aka kwaso aka sauke a Birnin Kebbi, ofis babu kujeru, mu huɗu a kan tebur ɗaya. Abin bai dame ni ba, don ni aikina ba na tebur ba ne. Aka ba ni babur aka ce ga fadama nan, daga Zauro zuwa Ambursa har ƙauyukan bayan Argungu. Takardar aikin tana da tsawo, amma in aka tace ta abu guda ne a ciki: in raba manoma da jan iri, in sa su shuka sabon iri.

Wanda bai tashi a bakin gulbi ba, ba lalle ya san jan iri ba. Shinkafar kakanninmu ce. Ana watsa ta da farkon damina, tun gulbi bai kawo ba. In ruwa ya taso sai ta bi shi, yana hawa tana hawa, har ta wuce tsawon mutum, wata shekarar ma a cikin jirgi ake yankanta. Ƙwayarta ja ce, kuma in ana dafa ta a gida na uku sai ka sani. Aibinta shi ne ba ta cika buhu. Ga daɗewa a gona, ga zubewa in aka yi jinkirin yanka ko da na kwana biyu ne. Waɗannan aibobi na haddace su, na yi shekara ashirin da ɗoriya ina karanta wa mutane su a gindin itace.

Kuma na yi nasara, abin da ba kowane ma'aikaci ne zai iya faɗa ba. Da injin ban ruwa ya shigo aka fara noman rani, sai magana ta ƙare. Wannan ɓangaren ba na nadamarsa. Na ga gidajen kara sun koma na kwano, na ga mutanen da ba su taɓa wuce Jega ba sun sauke farali da shinkafar da na kai musu.

Abin da ya fitar da ni daga aikin ba wani babban abu ba ne. An yi sauye-sauye, aka karɓe babur, aka zaunar da ni a ofis ina cike takardun da babu mai karantawa. Wata takwas na daure. Wata safiya wani shugaba da bai taɓa taka laka ba ya jefo mini takarda ya ce in gyara rubutuna. Zuciya ta ɗebe ni, na gaya masa abin da ke raina tas, na rubuta takardar barin aiki a ranar. Da na koma gida mai ɗakina ta ce na kyauta, da irin muryar da ake ce wa wanda ya fasa tulu ya kyauta.

Na buɗe ɗan shago a unguwar Nasarawa, ina sayar da katin waya ina yi wa mutane caji. Mutumin da masu gari ke tashi su gaisa da shi ya koma yana rantsuwa a kan batir. Kasuwar ba ta yi ba. Kowane lungu akwai irin shagon, ni kuma ba ni da bakin ɗan kasuwa, mutum ya yi mini tayin banza sai in ji kamar zagina ya yi. Ƙanƙara da zoɓon mai ɗakina ne suke riƙe da gidan. Na sani, ita ma ta san na sani, ba mai ɗaga maganar.

A shagon nan ne, saboda zaman banza, na koyi shiga intanet. Na sayi tsohon babur na zuwa da dawowa, na sayi gilashin karatu, na duƙufa a kan shafukan da ke koya wa mutum yadda zai samu sana'a ta waya. Duk bakinsu ɗaya: ka dubi abin da ka sani, ka dubi abin da ka yi a rayuwa, a nan sana'arka take. To ni me na sani? Laka, taki, tsutsa. Na buɗe zauren hira a waya na ba da shawarar noma, da niyyar in ya kankama in riƙa karɓar wani abu. Mutane kam sun shigo. Gaisuwar Juma'a, hoton jariri, sanarwar rasuwa, wani ma kullum sai ya turo hoton ragonsa. Mai tambayar noma kuwa kirana zai yi kai tsaye, mu kwashe rabin awa a kan ganyen da ya yi rawaya, ya rufe da Allah ya saka da alheri. In amsa da amin, in koma gida hannu na dukan cinya.

Na gwada sayar da huluna. Wani daga Fatakwal ya yi kwana uku yana sa ni ina juya masa hula ɗaya a gaban waya, ta gaba, ta baya, ta ciki, daga nan ya ɓace. Na gwada busasshen kifin Argungu, ya isa Kaduna ya zama gari. Na gaji, wallahi na gaji. Ba gajiyar fadama ba, wadda in ka yi wanka ka kwanta ta tafi. Wannan tun da safe nake tashi da ita. Mai ɗakina in ta ga na zauna na sa gilashi na ɗauko waya sai ta ce, to, an buɗe ofis.

Ƙanwata ce ta kawo maganar, ba da niyya ba. Tana aure a Legas, ta daɗe can. Ta yi jinya mai tsawo, da ta fara samun sauƙi ta turo mini saƙon murya tana cewa bakinta ba ya son komai, abu ɗaya take gani a idonta, jar shinkafar da mahaifiyarmu ke dafawa da man shanu da ɗan yaji.

"Yaya, kai da ka san fadama ciki da bai, za ka rasa mini mudu biyu?"

Na ce mata wannan ai ba aiki ba ne. Ita kuma da zumuɗi ta je ta faɗa a wani zauren matan Kebbi mazauna can, wai yayanta yana sayar da jan iri ta waya. Kafin la'asar wayata ta ɗau zafi. Matan da ban taɓa sani ba, wata rabonta da ita tun tana budurwa, wata surukarta za ta faranta wa rai, wata ta ji an ce tana da kyau ga mai ciwon suga. Ni ban ce haka ba, ban kuma musa ba. Ina ta cewa to, to, in Allah ya so sati biyu. Na zauna a kan benci ina dariya ni kaɗai. Ashe dai masu shafukan nan da gaskiyarsu, sana'ar tana cikin abin da na sani. Sai dai ba su gaya mini zai zama abin da na yi rabin rayuwata ina korar sa daga gonaki ba.

Washegari na shiga kasuwa wurin masu awo. Na farko bai san ta ba. Na biyu, dattijo, ya dube ni ta ƙasan ido ya ce ai ku kunka hana. Na hau babur na nufi Zauro, na bi gida gida na mutanen da na sani. Ko'ina a ba ni ruwa, a yi mini dariya, a tura ni gaba. Lokacin bazara ne, rana tana dukan mutum har cikin ƙashi, ni kuma ba yaro ba. Kwana tara ina wannan yawo. Tun ina ɗauka tsada ta yi, har na gane babu ita ne. A Ambursa wani tsohon abokin aiki da ya koma noma ya ce in akwai mai ita a ƙasar nan, to tsohon nan ne na bayan Argungu, abokin faɗanka.

Na san wanda yake nufi, kuma da da yadda zan yi da ban je ba. Shekarun baya, a gaban mai gari da jama'a, na taɓa ɗaga zangarniyar jan iri na ce wannan ba shinkafa ba ce, ciyawa ce da ta yi sa'a. Kowa ya yi dariya ban da shi. Ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Malam, taka ta iya iyo?" Aka sake dariya, wannan karon a kaina. Na koma na sa shi cikin masu taurin kai a rahotona. Daminar da gulbi ya yi hauka ya shanye sabon iri a yankin, gonarsa kaɗai aka yanka. Bai aiko mini da magana ba, ni ma ban je ba.

Na same shi a zaure a kan tabarma, ƙafafu sun kumbura, gani ya ragu. Da murya ya gane ni. Aka kawo fura, muka yi gaisuwa doguwa, ya tambayi iyali, ya ce ya ji na bar aiki. Gonakin duk sun koma hannun 'ya'yansa, suna da injinansu, suna noma sau biyu a shekara, ya ce ba ya ganin laifinsu, kowa da zamaninsa. Na yi ta kewaye-kewaye har na rasa inda zan bi.

"Baba, jan iri nike nema."

Ya juyo da fuskarsa sosai wajena. Ya ce ashe zai ga wannan rana. Nan take na gane abin da ya ɗauka: malamin gona ya dawo hanya, ya zo neman irin da zai shuka. Na buɗe baki in yi masa bayanin waya da Legas da matan zaure, sai na ga bayanin yana da tsawo, shi kuma ya riga ya ɗaga murya a buɗe rumbu. Na rufe bakina. Wannan shirun nawa ne, ba wanda ya sa ni.

Aka fito da rabin buhu, shanshera, wato da ɓawonta. Ya tura hannu ciki ya ɗebo yana murzawa a hankali. Ya ce bara bai shuka ba saboda ƙafa, kuma cikin 'ya'yan ba mai son ba da fili wata bakwai don abin da ba zai cika buhu ba. In ta ƙara damina ɗaya a rumbu, ta mutu.

"Ita ke nan tar rage, Malam. Ba ni da wata, ban kuma san wani mai ita ba."

Na kai hannu aljihu, ya ɓata rai. Ya ce a gidansu ba a sayar da iri. Mutum ya ɗauka ya shuka, in Allah ya ba shi ya maido wa mai shi abin shukawa, ya kuma ba na gaba. Ya shiga kwatanta mini ƙasar da take so, mai zurfi amma ba inda ruwa ke gudu ba, ya ce in bari ruwa na biyu ya sauka kafin in watsa. Ni da na karanta wannan a makaranta na zauna ina cewa to, Baba. Har bakin babur ya sa aka rako shi, ya tsaya yana dafe da sanda ana ɗaure buhun.

Ya kamata in faɗi abin da ke kaina a hanya, ba don in wanke kaina ba. Manomi ba ya gaya wa ma'aikacin gwamnati abin da ke cikin rumbunsa. Duk wanda ya yi aikinmu ya san wannan. Akwai tsoron haraji, akwai tsoron dangi masu roƙo, akwai tsoron bakin mutane. Ka tambaye shi me ya samu bana, ya ce ɗan abin da ba a rasa ba, ya faɗi uku alhali bakwai ne. Mu ma mun saba, sai mu ninka kafin mu rubuta, su ma sun san muna ninkawa, a haka aka zauna lafiya. Na taɓa ganin wanda ya rantse mini ba shi da ko ƙwaya, bayan sati biyu ya ciyar da gari guda a bikin suna. Balle iri, wanda ko ɗan cikin mutum ba ya sanin inda aka ɓoye na biyu. Saboda haka kafin in kai Ambursa na gama yanke hukunci. Wanda ya ba ni rabin buhu yana da buhu biyu a wani wuri. Tsohon da ya yi shekaru yana jayayya da gwamnati a kan abu ba zai ɗauki na ƙarshe ya miƙa wa wanda ya kira shi ciyawa ba.

Duk da haka buhun ya kwana uku a ɗaki ban taɓa shi ba. Ina shiga ina fita ina kallon sa. Na yi tunanin shukawar, ba wai ban yi ba. Amma ba ni da ko taƙi ɗaya na fadama, sai na nemi aro ko haya, sannan in jira wata bakwai, ga sati biyun da na ɗiba sun wuce. Matan sun fara gajiya da cewa ina muka kwana. A rana ta uku ƙanwata ta kira tana jan magana, ashe wata ta rubuta a zauren cewa a yi hattara, 'yan damfara sun yi yawa a waya. Ni! Na yi aikin gwamnati taki yana bi ta hannuna mota mota ban taɓa ɗaukar cokali ba, yau wata da ban san ko kamanninta ba ta sa ni a layin 'yan damfara. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tashi na jawo buhun zuwa tsakar gida.

Mai ɗakina tana ƙulla zoɓo. Ta dubi buhun ta dube ni.

"Malam, ka ɗebi ko mudu biyu ka ajiye. Mutumin nan ya ce maka ita ke nan."

Na ce mata in an cire ɓawo kusan rabi ne ke tafiya, abin da zai rage ma da ƙyar ya kai ga waɗanda na yi wa alkawari. Ta ce to a rage wa kowa kaɗan mana, ba wadda za ta mutu. Na ce ni za ki koya wa halin manoma? Na fi shekara ashirin ina cin ƙaryarsu.

"A'a, ni ƙanƙara na sani," in ji ta, ta ci gaba da ƙullinta.

A bayan layinmu akwai wata dattijuwa mai yin gumi. Aikinta ke nan tun tasowarta: ta jiƙa shanshera, ta turara a manyan tukwane, ta shanya, ta kai inji a cire ɓawo. Matan Legas ta dafuwa suke so, don haka sai an turara. Na sani sarai, ni da na koyar da wasu, shinkafar da ta ji wuta ba ta ƙara tsirowa har abada. Dattijuwar ta kwance bakin buhun ta shinshina, ta yi salati, ta ce rabonta da ganin wannan tun mijinta yana da rai. Ta tambaya duka za a yi? Na ce duka, Inna. Na juya na tafi ban waiwaya ba, don in na waiwaya ban san me zan yi ba.

Bayan kwana huɗu ta dawo ja jawur, tana ƙyalli. Na ƙulla kashi kashi, na ɗauki hoto, na kai wa wani direban motar albasa da zai sauka Legas. Ta isa tana ɗan warin albasa, ba wadda ta damu. Ƙanwata ta turo saƙo tana kuka tana dariya, wai ta ci kwano biyu, wai ta ga mahaifiyarmu a bakin murhu. Wadda ta yi maganar damfara ta ba da haƙuri a gaban kowa. Mai ɗakina ta dafa mana gwangwani ɗaya da ya rage, da man shanu, muka ci a kwano ɗaya. Ta yi daɗi. Ba zan ce ba ta yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi tun da na bar aiki, gara in faɗi gaskiya. Saƙo daga Abuja, daga Fatakwal, daga Ibadan, wasu ma ba Hausawa ba. Na buɗe shafi na musamman, na sa hoton jar shinkafa a faifai. Na daina zama a shago ina hamma. Har tafiyata ta canza, maƙwabta suka fara tambaya ko an mai da ni aiki ne. Na tsara komai a kaina: in je in gaya wa tsoho gaskiya, in lallaɓa shi ya fito da sauran, a sayar da kashi ɗaya, kashi ɗaya kuma in shawo kan 'ya'yansa su shuka, tunda yanzu akwai masu saye. Ina ganin har na yi wa jan iri gata.

Ruwan farko ya sauka, bayan kwana shida na biyu ya biyo. Na sayi goro da sukari, na naɗe sababbin buhuna biyu na ɗaure a bayan babur, na kama hanyar Argungu. Ƙasa ta yi laushi, ko'ina mutane suna gona.

Yana jin tsayuwar babur ya ce a shigo da Malam. Ya fi ranar farko walwala. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce yana ta ƙirga ruwa, shekaranjiya na biyu ya sauka, ya san yau ko gobe zan zo da labari. Wace fadama na samu? Ta Zauro ce ko ta wajen su? Ya ce in ta fara bin ruwa zai so a ɗauke shi a kai shi, ko bai gani da kyau ba zai taɓa.

Na yi dariya irin ta wanda ya san kan zance. Na ce Baba, ni fa yanzu ba na gwamnati ba ne, a bar ɓoye-ɓoye, a fito da sauran.

"Wane saura?"

Na ce wanda ke ƙasan rumbu, ko a ɗakin tsohuwa, ko duk inda aka sa shi. Ina faɗa ina dariya, shi bai yi ba. Ya sa aka jingina tsani, ya ce in hau da kaina. Na hau na leƙa. Damman gero a gefe guda, sai buhunan shinkafa jere. Na shiga ciki na soka hannu a kowane buhu, ɗaya bayan ɗaya, har da laluben ƙasa. Fara ce duka, sabon iri. Na daɗe a cikin rumbun nan fiye da yadda dubawar ke buƙata, zafi kamar tanda, gumi yana shiga mini ido. Daga ƙarshe na sauko.

Na zauna a bakin tabarma na gaya masa komai, waya, Legas, matan zaure, tukunya. Bayanin da na ce yana da tsawo bai kai minti biyu ba.

Kaji suna ta tono a bakin zaure. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi, na ma shirya abin da ba zan mayar ba. Sai ya tambaya a hankali.

"Sun ci?"

"Sun ci, Baba."

"Ta yi musu daɗi?"

Na ce ta yi, har da mai kuka.

"To. Ai abinci ce."

Ya ce shi daga hannun mahaifinsa ya karɓa, mahaifinsa daga nasa, bai san inda ta faro ba. Bai faɗa da zafi ba, kamar mai ba da labarin wani gida ya faɗa. Ya ce laifinsa ne da bai tambaye ni ba. Wannan maganar ta fi zagi ciwo. Na tura masa goro da sukari, ya yi godiya, ya sa aka shiga da su. Sababbin buhunan suna nan a bayan babur, na gode Allah da bai iya hango su ba.

Na miƙe zan tafi sai ya kama bakin rigata.

"Malam, ina buhun da ka tahi da ita ciki? Tana maƙalewa ga ɗinki. Ko ƙwaya ashirin ka samu, ka sa ta tsohuwar randa, tana tashi. Bana ashirin, baɗi kwano."

Ban san yadda na baro garin ba. Tsohon babur ɗin nan ban taɓa ba shi wuta irin ta ranar ba, ko a Ambursa ban tsaya shan ruwa ba. Ina tafe ina ƙirga ɗinkin buhu a kaina, kusurwa huɗu, da layin ƙasa, ai ba za a rasa ba. Har na zaɓi randar da zan yi amfani da ita. Ban bi ta gida ba, kai tsaye na wuce bayan layi, ana kiran la'asar.

Na tarar da dattijuwar tana kwashe shanya. Ko sallama ban yi da kyau ba na ce Inna, ina buhun da na kawo jar shinkafar nan a ciki? Ta ɗauka zarginta na zo yi. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zane, ta ce ita shekara arba'in tana wannan aiki ba a taɓa kama ta da ƙwayar wani ba. Ta shiga ɗaki ta fito da shi a naɗe, wankakke tas.

"Ka gan shi. Juya shi na yi ciki waje, na kaɗe shi a kan tukunya, ɗinkin ma da tsinke na bi shi. Ko ƙwaya ɗaya taka ba ta yi ciwon kai ba, duk ta shiga wuta."

Na karɓi buhun na juya shi duk da haka, na bi kusurwoyin da farce a gabanta. Ta tsaya tana kallona da mamaki. Waya tana ta motsi a aljihuna ban ciro ta ba. Da ta ga ba zarginta na zo yi ba sai ta sauko, ta ce in dai aikin ya yi mini, in gaya mata ranar da zan kawo wani, don ta ware mini tukunya.